Daga Garki Zuwa Kano: Waiwaye Kan Binciken Ƙarancin Jini

Ranar awo a kowane ƙaramin asibiti tsakanin Bebeji da Doguwa, tun kafin mace ta hau sikeli, ma'aikaciya takan sa yatsa ta ja fatar idonta ta ƙasa, ta buɗe tafin hannunta, wani lokaci ta ce ta ɗaga leɓe a ga dasashi. In wuraren nan uku sun yi fari fat maimakon ja, magana ɗaya ce: "Baiwar Allah, jininki ya yi ƙasa." Sai a ƙirgo mata jajayen ƙwayoyi a ƙulle a leda, a ce ta riƙa cin zogale da hanta da wake. In labari ya kai kunnen maigida da daddare, abin da yakan biyo baya shi ne a aiki yaro kanti ya sayo Maltina da madarar gwangwani.

Abin da ma'aikaciyar ke ƙoƙarin karantawa da ido shi ne himogulobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, mai ɗaukar iskar da muka shaƙa daga huhu ya kai ta kowane saƙo na jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja layi: mai ciki in nata ya gaza giram 11 a kowace desilita, jininta ya yi ƙasa, in ya gaza 7 ta shiga hatsari, domin zuciya ce ke biyan bashin, ta yi ta bugu da sauri don cike giɓi har ta gaji. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami wannan matsala a jikin kashi 68 cikin ɗari na ƙananan yaran Najeriya, da kashi 58 na matan da ke shekarun haihuwa. Masu ita sun fi marasa ita yawa, shi ya sa idonmu ya saba har ba ma ganinta.

Ba kowa ya san cewa kaso mai tsoka na abin da likitocin duniya suka sani game da ƙarancin jini a ƙasa irin tamu, a nan kusa aka gano shi ba. Yankinmu yana zaune ne tsakanin Zariya da Kano, kuma a waɗannan birane biyu, da wata gunduma a arewa da su, aka shafe shekara hamsin ana bin sawun wannan ciwo. Duk lokacin da aka auna da kyau, amsar da ke fitowa ita ce: ba abu ɗaya ke kawo shi ba, kuma jan magani kaɗai ba ya korarsa.

Da sauro labarin ya fara. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka kafa wani gagarumin aiki a gundumar Garki, wadda a lokacin take cikin jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa. Tambayarsu ita ce, in an feshe ɗakuna da maganin sauro, aka kuma raba wa kowa da kowa maganin zazzaɓi, za a iya katse maleriya a ƙauyen ƙasar Hausa? Aka ware ƙauyuka 22, duk bayan mako goma a zagayo a tsaga yatsan kowa, yaro da babba, a shafa jinin a gilashi a duba. Amsar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Cutar ta ja baya sosai, amma ba ta katse ba, domin wani kaso na sauron ba ya kwana a bangon ɗakin da aka fesa. Da aka janye hannu kuma ta dawo. Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia suka tattara sakamakon a littafi a 1980, kuma har gobe masu lissafin yaɗuwar maleriya na komawa ga alƙaluman Garki.

Tunda ga jinin dubban mutane a hannu, wani likitan jini na Jami'ar Ahmadu Bello, Alan Fleming, da abokan aikinsa suka nemi wani abu daban a cikinsa, wato sikila. Abin da suka wallafa a 1979 ya cancanci a karanta shi a tsanake. Cikin jarirai sabbin haihuwa, kashi 24 cikin ɗari AS ne, wato sun gaji sikila daga ɓangare ɗaya kawai. Cikin waɗanda suka haura shekara biyar, kashi 29. Yaya yawan masu AS zai ƙaru alhali ba cuta ce da ake ɗauka ba? Amsar tana wajen Anthony Allison, wanda ya nuna tun 1954 a Gabashin Afirka cewa mai AS ya fi jure muguwar maleriya. Ba masu AS ne suka ƙaru a Garki ba, 'yan uwansu masu AA ne zazzaɓi ya fi ɗauka.

Sai batun SS, wato masu ciwon sikilar kansa. Lissafin ba ya buƙatar na'ura. In 29 cikin ɗari na manya AS ne, to a kowane aure ɗari wajen takwas miji da mata duk AS ne, kuma a irin wannan aure kowane ciki yana da rabon ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Ɗaya bisa huɗu na takwas biyu ke nan, kuma haka aka samu: kusan jarirai biyu cikin ɗari. Amma da aka juya ga manya, sai aka neme su aka rasa, sai ɗaiɗaiku. Kusan duk sun rasu tun suna ƙanana, ba tare da kowa ya san sunan abin da ya kashe su ba. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi wajen kwana 120 tana aiki; ta mai sikila kwana goma zuwa ashirin ta fashe. In maleriya ta zo ta tarar da jini a haka, ba ta daɗewa. Idan na tuna matan da a da ake ce wa suna wabi, suna haihuwa suna binnewa, nakan yi zaton da yawansu wannan lissafi ne ya faɗa a kansu, aka ɗora wa iska laifi.

Ana cikin aikin Garki, wani aikin ya kankama a asibitin koyarwa na Zariya, wanda a lokacin yake Tudun Wadar Zariya, ba tamu ta Dankadai ba. Sai 2005 ya koma Shika. Kelsey Harrison, mutumin Abonnema ta jihar Ribas, ya zo ne daga Ibadan, inda ya riga ya yi suna kan wata matsala mai ɗaure kai. Mace takan iso da jini ƙasa ƙwarai, ƙafa a kumbure, numfashi sama-sama. Hankali ya ce a ƙara mata jini, amma zuciyar da ta riga ta gaji in aka ɗura mata leda biyu a jere sai ruwa ya cika huhu. Dabarar da ya gwada ita ce a tace ruwan jinin a bar ƙwayoyin kawai, a haɗa da allurar sa fitsari mai ƙarfi, a ɗiga a hankali. Har yau haka ake yi.

A Zariya ya yi abin da ba a saba yi ba: ya ƙirga. Daga 1976 zuwa 1979 shi da abokan aikinsa suka rubuta bayanin kowace haihuwa a jere, ba tsallake, har 22,774, da shekarun uwar, da tsawonta, da yawan jininta, da ko ta yi awo, da ko ta yi makaranta, da yadda aka ƙare. Rahoton ya fito a 1985. Mata 238 suka rasu, kuma fiye da tara cikin goma na mamatan ba su taɓa zuwa awo ba. An kawo su ne bayan abu ya ɓaci, wasu bayan kwana biyu ko uku suna naƙuda. Harrison ya tsaya kai da fata cewa babban abin da ya raba masu rayuwa da masu mutuwa shi ne karatun mace, kuma wannan aiki na cikin waɗanda suka zaburar da taron Nairobi na 1987 kan ceton rayukan masu haihuwa.

Gwajin da na fi so a tsaya a kansa ƙarami ne, mata 200 kacal, dukansu Hausawa masu cikin fari a Zariya, aka wallafa shi a 1986. Fleming da Harrison da abokansu suka raba su gida biyar ta hanyar ƙuri'a, ba likita ba mai ciki da ya san wa ke shan me. Gida na farko ƙwayar banza aka ba su, mai kama da magani amma ba komai a ciki. Sauran huɗun aka ba su kulorokwin sau ɗaya don a wanke jini, sannan furoguwanil kullum don kariya. A kan wannan, gida na uku aka ƙara musu ƙarfen jini, na huɗu folik asid, na biyar duka biyun. Tun ranar farko, kafin ciki ya kai mako 24, kashi 45 cikin ɗari jininsu ya riga ya yi ƙasa, kashi 27 kuma da ƙwayar maleriya a jininsu. Da tafiya ta yi nisa, mata bakwai daga gidan farko kaɗai sai da aka cire su daga gwajin aka yi musu magani saboda jinin ya faɗi warwas. A sauran gidaje huɗun gaba ɗaya biyar ne. Wato abin da ya fi tare mummunan ƙarancin jini a cikin fari maganin sauro ne, ba jan magani ba. A yau babu kwamitin da'a da zai yarda a bar mai ciki ba kariya don a gwada, kuma daidai ne. Amma abin da ya sa ba za a yarda ba, irin wannan gwaji ne ya tabbatar da shi.

Dalilin a bayyane yake in an bi shi. Ƙwayar maleriya tana da wata dabara ta maƙalewa a mabiyiya, kuma jikin mace bai san wannan salo ba sai ya gamu da shi a ciki na farko. A ciki na biyu da na uku ya fara gane shi. Ƙwayar tana fasa jajayen ƙwayoyin jini, saifa ta kumbura ta riƙa share masu lafiya ma, ɓargo ya tashi haiƙan don maye gurbi, a nan kuma ya cinye ɗan folik asid ɗin da ke jiki. Shi kansa folik asid a Bombay aka fara gano sawunsa a 1931, lokacin da Lucy Wills ta warkar da matan masaƙa masu ciki da wani abinci na yis. A Zariya aka ga yadda sauro ke wawashe shi. Wani abin mamaki da ya fito daga gwajin: da yawa cikin matan 'yan shekara goma sha wani abu ne, kuma waɗanda suka sami kariyar maleriya da maganin ƙarin jini sun fi ƙara tsawo a cikin watannin cikin. Yarinya tana ɗauke da ɗa tana kuma girma, ita da ɗan suna rabon abinci ɗaya.

Wannan darasi ya fi shafarmu mu na kudancin Kano fiye da mutanen Garki ma. Ruwan sama ya fi yawa a nan, damina ta fi tsawo, musamman in aka tsallake dajin Falgore zuwa Doguwa da Riruwai. Ga kuma dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, wanda ya kawo noman rani da kifi da arziki, ya kuma kawo ruwa kwance a watannin da a da ƙasa ke bushewa ƙayau. Inda ruwa ya kwanta sauro ya sami gida, haka ma dodon koɗin da ke raino tsargiya, mai sa yaro fitsarin jini. Ƙara da tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa ta kama hanji tana tsotsa. Kowane ɗaya ƙofa ce da jini ke zurarewa, kuma babu wadda kwalbar maganin ƙarin jini ke rufewa.

Daga tsakiyar shekarun 1980 abubuwa suka taɓarɓare. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa asibitoci suka koma rubuta wa majinyaci takarda ya je ya sayo komai, manyan likitoci da yawa suka yi Saudiyya da Ingila. A shekarar ce kuma aka ba da rahoton ƙanjamau na farko a Najeriya, ƙarin jini ya zama abin tsoro. Kulorokwin ta fara gazawa, darafirim ɗin da iyayenmu mata ke sha kowace Lahadi shi ma ya daina tasiri. Sai 2005 ƙasa ta sauya maganin maleriya gaba ɗaya, masu ciki kuma aka koma ba su Fansidar a wajen awo. Tun 2012 shawarar ita ce a sha daga wata na huɗu, wata-wata, aƙalla sau uku. A 2009 Kano ce ta buɗe rabon gidan sauro mai magani gida-gida a ƙasar nan.

A tsakiyar wannan rauni ne aka yi abin da ya kusa kashe bincike a Kano ɗungurungum. A 1996 sanƙarau ya ɓarke, ya kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya. Kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana ya gwada sabon maganinsa Trovan a kan yara 200, rabi aka ba su shi, rabi wani sanannen magani. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ya sami amincewarsu da baki, kuma cutar ce ta yi ɓarnar. Jaridar Washington Post ta tono zancen a ƙarshen 2000, kwamitin gwamnatin tarayya ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya ce an saɓa ƙa'ida, a 2009 kuma aka sasanta da jihar Kano kan dala miliyan 75. Ba batun jini ba ne, amma ya shafi duk mai son ɗibar jinin wani da sunan bincike. Da aka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, sunan Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Ƙa'idar da'ar binciken lafiya ta ƙasa ta fito a 2007, kuma daga nan takardar amincewa, da bayani da Hausa, da 'yancin cewa "a'a" ba tare da an hana ka magani ba, suka zama dole.

Abin da ya dawo da yarda, a ganina, ba takarda ba ce. Masu binciken ne suka canza. A Garki baƙi ne ke tsara tambaya. Yanzu likitan da ke neman sa hannunka shi ne wanda ke duba ɗanka kowane wata, ka san unguwarsu.

Sikila ce ta fara nuna haka. Yaran da a zamanin Garki ba sa kai shekara biyar yanzu da yawa suna rayuwa, sai wata musibar ta bayyana: shanyewar ɓarin jiki. In ba a yi komai ba, wajen ɗaya cikin goma na masu SS kan gamu da ita kafin shekara ashirin. A Amurka an gano tun 1992 cewa ana iya hango ta. Ana shafa ɗan mai a gefen kan yaro, tsakanin ido da kunne inda ƙashi ya fi siriri, a ɗora kan na'ura, ta riƙa jiyo gudun jini a manyan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ana jin sautinsa fuu-fuu ana ganin lamba a allo. Jijiyar da ta tsuke jini yakan bi ta da gudu. In ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron na bakin rami. Maganinsu a can shi ne ƙarin jini kowane wata, wanda ya rage hatsarin da fiye da kashi 90. To a ina mutumin Kiru zai sami leda guda ta jini mai tsabta duk wata, shekara da shekaru?

Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, irin su Shehu Umar Abdullahi da Najibah Galadanci da Binta Jibir, tare da Michael DeBaun da Muktar Aliyu na Jami'ar Vanderbilt, suka ɗauki wata hanya: ƙwayar haidiroksiyuriya, mai sa jiki ya koma ƙera irin himogulobin na jarirai wanda ba ya lanƙwashewa. Bayan gwajin share fage, suka ɗauki yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12 a Kano da Kaduna, duk waɗanda na'ura ta nuna suna cikin hatsari, rabi a kan miligiram 10 ga kowane kilo, rabi a kan 20. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet Haematology a 2022. Uku cikin 109 na ƙaramin awo suka sami shanyewar, biyar cikin 111 na matsakaici, bambancin da bai taka kara ya karya ba. Abin lura shi ne duka ɓangarorin sun tsaya a ɗaya zuwa biyu cikin ɗari a shekara, alhali irin waɗannan yara in an bar su wajen goma ne. Maganin a Najeriya ake yin sa, kuma an koya wa ma'aikatan jinya riƙe na'urar, ba sai an jira ƙwararren likitan hoto ba. Wannan amsa ce da aka ɗinka daidai aljihunmu, kuma ƙasashen Afirka da dama na kallonta.

Ta ɓangaren masu ciki, tambayar ta koma kan jan maganin nan. Kowa ya san ƙorafin: yana tayar da zuciya, yana ɗaure ciki, yana baƙanta bayan gida, wasu kuma suna gudunsa wai yana sa ɗa ya yi girma ya ƙi fitowa. Da yawa a ƙarƙashin katifa yake ƙarewa. Me zai hana a ɗura ƙarfen ta jijiya sau ɗaya a huta? Bosede Afolabi ta Jami'ar Legas da Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero suka gwada a kan mata 1,056 a asibitocin Legas da Kano, aka wallafa a 2024. Da ciki ya kai mako 36, kashi 58 na waɗanda aka ɗura wa har yanzu jininsu na ƙasa, na masu shan ƙwaya kashi 61. Kusan kunnen doki. Allurar ta cike ma'ajin ƙarfe a jiki fiye da ƙwaya nesa ba kusa ba, kuma ta fi amfanar waɗanda da ma ƙarfen ne ya gaza musu. Amma da yawa cikin matan ba rashin ƙarfe ke damunsu ba tun farko. Wasu za su kira wannan gwaji da bai yi nasara ba. Ni a wurina ya maimaita maganar Zariya ne bayan kusan shekara arba'in, da kayan aiki na zamani.

Wanda ya girgiza duniya shi ne na zubar jini bayan haihuwa. Macen da ta shiga ɗakin haihuwa da jini ƙasa ba ta da rarar da za ta zubar, kuma ita ce ta fi saurin zubarwa. A da unguwarzoma da ido take kintace, ta dubi zani da tsummoki da abin da ya kwarara ƙasa, kuma wajen rabin masu zubar da ya wuce kima ba a gane su sai sun fara sanyi. Gwajin E-MOTIVE ya zo da wata leda da ake shimfiɗa wa mace da zarar jariri ya fito, ƙarshenta ya tsuke ya zama aljihu mai layuka da lambobi. Jini na taruwa ana kallo. In ya taɓa layin mililita 500, ko 300 tare da wata alamar hatsari, ba jira ba gwada wannan a ga ko zai yi: a murza mahaifa, a yi allurar tsuke ta, a ba da tiranekzamik asid mai hana gudan jini narkewa, a ɗaura ruwa, a duba ko akwai yagewa, duka a lokaci guda. Asibitoci 80 a Kenya da Najeriya da Afirka ta Kudu da Tanzaniya, 38 daga ciki namu, haihuwa fiye da 210,000. Farfesa Hadiza Galadanci ce ta ja ragamar ɓangaren Najeriya daga Kano. Mummunar zubar jini, ko tiyata, ko mutuwa saboda ita, ta sauko daga kashi 4.3 zuwa 1.6. An wallafa a Mayun 2023, kafin shekarar ta ƙare Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta ga kowace ƙasa.

A Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na jinotaif. Shekara 45 ke nan bayan alƙaluman Garki. Ina goyon bayanta, da sharaɗi biyu. Takardar gwaji ba ta fi ɗakin gwajin da ya buga ta inganci ba, don haka sai an sa ido a kan masu yi. Kuma dokar ba ta cewa komai game da yaron da aka riga aka haifa, wanda ke buƙatar a gano shi tun yana jariri, a sa shi a gidan sauro, a ba shi rigakafi da fenisilin da folik asid, a kai shi a auna gudun jinin kansa sau ɗaya a shekara tun yana ɗan shekara biyu.

Cikin duk ayyukan da na zayyano, na Garki ne kaɗai ya bi mutane gida-gida. Sauran duk sun auna wanda ya iso asibiti ne, alhali Harrison ya nuna tun 1985 cewa mutuwar tana wajen waɗanda ba su iso ba, kuma binciken 2018 ya ce a Arewa maso Yamma ko haihuwa ɗaya cikin biyar ba a yi a asibiti. Ledar mai lamba ba ta ceton wadda ta haihu a ɗaki a ƙauyen Doguwa, da dajin Falgore tsakaninta da birni. Babu abu mai tsada a jerin nan: ɗan injin auna jini da ɗigo ɗaya daga yatsa, tsinken gwajin maleriya, Fansidar a haɗiye a gaban ma'aikaciya, ledar haihuwa, firjin ajiye jini mai sola a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma, da ranar masu sikila ko da sau ɗaya a wata. Shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da masu wakiltarmu a majalisa, su shiga asibitocinsu da wannan jeri a hannu su tambaya ɗaya bayan ɗaya wanne ke nan, wanne babu. Malamanmu na Jami'ar Bayero da Asibitin Aminu Kano kuma, gwaji na gaba a kafa shi a ƙauyukan kudancin Kano, a ƙirga matan da ba sa zuwa awo.